Usur ɗin da Baba Ba Ya Ji

Babanmu mai yankan rodi ne. In ana ginin bene, kafin a zuba kankare sai an shimfiɗa ƙarafa an ɗaure su da waya, to shi ne yake yanka ƙarafan nan daidai da awo. Aikinsa ke nan tun kafin a haife ni. Duk ginin da kamfaninsu ya kama, sai a kafa masa rumfar kwano a gindinsa, da teburin ƙarfe, da injin yanka mai faifai, wanda in ya kama rodi yakan yi wata ƙara da take shiga har cikin haƙori. Wuta tana fallatsa ta ko'ina, shi ya sa abokan aikinsa suke ce masa Tartsatsi. Babu rigarsa ko ɗaya da ba ta da ƙananan huji a gaba. Inna ta yi ta ɗinkewa har ta gaji ta bari.

A gidanmu ni ce mai riƙe labari. In aka yi gardama a kan wanda ya riga wani yaye, ko wane gida muka zauna kafin wannan, ni ake kira. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda Baba ya bar rumfarsa, don na fara jin ƙannena suna ba da labarin a karkace. Wani abin na gani da idona, wani kuma daga bakin waɗanda suke wurin na ji.

Kunnen Baba bai tafi rana ɗaya ba. Siraran ƙara ne suka fara ɓace masa. Buta tana kuka a kan wuta yana zaune kusa da ita, bai sani ba. Wayarsa tana ƙara a aljihunsa sai wani ya taɓa shi. Daga nan muryar Inna ta fara wuce shi, har ta riƙa cewa da gangan yake yi, ya zaɓi abin da yake so ya ji. Ya ce mata akwai gyare a cikin kansa, yana kuka ba dare ba rana. Muka yi dariya, don mun ɗauka zolaya ce.

Sai ya koyi dabaru. Yana kallon bakin mutum, ba idonsa ba. In ana hira aka yi dariya, shi ma sai ya yi, amma tasa tana zuwa a makare kaɗan. Ya sami amsa guda da ta dace da kusan kowace magana, “Allah ya kyauta,” ya riƙe ta. A gida ni ce ya fi gane bakina, wai ina buɗe shi sosai in ina magana, ba kamar Inna ba da take magana tana kallon tukunya. Don haka in baƙo ya zo, sai in sami dalilin tsayawa a bayan baƙon, ina maimaita abin da ya faɗa da leɓe kawai.

A wurin aiki abin bai dame shi ba, don can kowa da hannu yake magana saboda hayaniya. Mai awo ya ɗaga yatsu, Baba ya yanka. Haka aka yi shekaru.

Sai aka yi rashi a wani ginin kamfanin, ba nasu ba. Igiyar injin ɗaga kaya ta saki, bulo ya zubo a kan wani lebura da yake tura baro. Mutane da yawa sun ga kayan yana karkacewa tun yana sama, amma kowa ya ɗauka wani zai yi magana. Bayan wannan ne kamfanin ya ɗauko jami'in kiyaye haɗari, matashi ne mai gilashi, ba ya dariya sosai. Ko'ina ya ga bango sai ya sa a rubuta “Hattara” da jan fenti, har ma'aikata suka laƙaba masa sunan, shi ma ya riƙa amsawa.

Ba zan ci amanar Hattara ba, ya yi aiki. A zamaninsa aka raba hular kwano da takalma masu ƙarfe a baki, aka daina hawa katakon da ba shi da abin dafawa. Kowace safiya sai an taru a gaban sito ya yi magana kafin a taɓa aiki. Ya raba wa masu injina wasu 'yan robobi na toshe kunne. Baba ya kawo nasa gida ya ajiye a kan tabarma yana kallon su. Inna ta tambaye shi mene ne, ya gaya mata.

Ta ce, “Ihu bayan hari.” Ta jefa su cikin gwangwanin da take tara maɓalli.

Babban abin da Hattara ya kawo shi ne usur. Kowa an rataya masa ɗaya a wuya, daga injiniya har mai shara. Dokar ita ce, duk wanda ya ga wani abu zai faɗo, ko wani yana cikin haɗari, ya busa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Duk wanda ya ji, ya saki abin da yake hannunsa ya matsa jikin bango. Ya sha nanata musu cewa ba za a taɓa hukunta mutum don ya busa ba, ko da ya zama ba komai. Ya zaɓi usur mai siririyar ƙara da gangan, don ta ratsa rugugin injina.

Ranar da aka fara gwadawa, wuri ya yi tsit, kowa ya manne da bango, sai injin Baba kaɗai yake ta ihu a rumfa. Idonsa yana kan faifai, bai san duniyar da ake ciki ba. Ga shi rumfarsa tana daidai hanyar da hannun injin ɗaga kaya yake bi da lodi.

Wanda ya rufa masa asiri ran nan amininsa ne, mai ɗaurin waya, wanda teburinsa yake 'yan taku kaɗan daga na Baba. Ana ce masa Maharbi, don tun yana yaro a gona shi ake sa wa korar tsuntsaye, kuma ba ya kuskure. Mu Baba Maharbi muke ce masa. Dogo ne, siriri, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai, bakinsa kuma ba ya hutawa. Ya ce wa Hattara, “Yallaɓai, wannan ai in yana yanka ko tsawa ce ba ya ji. Son aiki ne ya yi masa yawa. Bar ni da shi.” Aka yi dariya, aka wuce.

Da yamma Baba Maharbi ya biyo Baba gida. Suka zauna a ƙofar ɗaki, na kawo musu ruwa, na tsaya a bayansa kamar yadda na saba.

Ya ce, “Tartsatsi, ni za ka ɓoye wa? Na daɗe da sani. Tun ranar da na zage ka ta baya ba ka rama ba na ce mutumin nan ba lafiya ba.”

Baba ya ce, “In ka sani ka riƙe bakinka, in zai riƙu.”

“Bakina nawa ne. Kanka nake jiye wa. In lodi ya sauko maka, wa zan riƙa ci wa abincin rana?”

Nan suka ƙulla abin da suka ƙulla. Baba Maharbi zai riƙa cika aljihunsa da ƙananan tsakuwa daga tulin da ake haɗa kankare. Da an busa usur, sai ya jefi hular Baba. Baba ba zai ji ƙarar ba, amma zai ji bugun a ƙoƙon kansa, ya saki injin ya matsa.

Inna ba ta so ba. Bayan baƙon ya tafi ta zo ta tsaya a gabansa, ta bar tukunyar, don ya ga bakinta.

Ta ce, “Ranka za ka rataya a aljihun wani? Ran da ya tafi fitsari fa? Ka je ka gaya musu gaskiya.”

Ya ce, “In ce musu me? Ga kurma a ƙarƙashin injin ɗaga kaya? Ke ma kin san abin da za su yi.”

“An ce sabon yaron nan mai adalci ne.”

“Adalcin ne zai kore ni.”

Ta koma kan tukunyarta. Ƙannena uku suna makaranta a lokacin, kuma ban da yankan ƙarfe babu abin da hannun Baba ya iya.

Dabarar ta yi aiki har ginin ya tashi daga hawa na biyu ya kai na biyar. Hular Baba ta cika da ƙananan tabo ta baya. In ya dawo nakan goge ta da tsumma, ina jin su a ƙarƙashin yatsana. Sauran masu aikin ƙarfe duk sun gane, babu wanda ya ce uffan. In Baba Maharbi zai kewaya, sai ya miƙa wa na kusa da shi tsakuwa biyu ba tare da ya yi magana ba. Amma hannun wani ba nasa ba ne. Akwai ranar da Baba ya dawo da ƙulu a bayan wuya.

Ranar da abin ya lalace, katakai ake ɗagawa sama. Iska ta kaɗa lodin, guda ɗaya ya fara zamewa daga cikin ɗaurin, wani birkila ya busa. Baba Maharbi ya jefa, Baba ya saki injin ya yi tsalle gefe. Katakon bai ma faɗo ba, ya maƙale, aka sauke lodin a hankali. Sai dai Hattara yana tsaye a hawa na ɗaya, ya ga komai. Abin da idonsa ya nuna masa shi ne, ana tsakiyar haɗari, wani dattijo ya ɗauki dutse ya jefi mutumin da yake riƙe da injin yanka yana gudu. A dokokinsa kuwa babu wadda ya fi tsanantawa kamar wasan banza kusa da inji. Kora ce, ba gargaɗi.

Ya sauko ya kira Baba Maharbi gefe, ya tambaye shi dalili.

Baba Maharbi ya ce, “Wasa ne tsakaninmu, yallaɓai. Tun muna samari.”

“Wasa? Da faifan nan ya kuɓuce ya shiga cinyarsa fa? Baba, ka girme ni, amma ka san abin da na faɗa a gaban kowa.”

“Na sani. Yi aikinka.”

Baba yana can yana gyara faifai, bai san an yi ba. Sai da aka tashi ya ga amininsa a tagar sito yana miƙa hula da takalma da usur.

A ranar ma Baba Maharbi ya biyo shi gida, sanye da silifa. Wannan karon bai nemi ruwa ba.

Ya ce, “Kada ka kuskura ka buɗe baki. Ni ɗaurin waya ne, ko kejin kaji na samu zan ɗaura. Kai wa zai ɗauke ka? Na bar wa masu aikin ƙarfe amanarka, za su riƙa jifa.”

Baba ya ce, “Su da suke jifan wuya.”

“Sai ka riƙa sa gyale.”

Ya yi dariya shi kaɗai. Dukkanmu mun san babu kamfanin da zai ɗauki tsoho mai gwiwa ɗaya wanda aka kora saboda wasa da dutse, kuma matarsa ta daɗe tana jinya.

Baba ya ci gaba da zuwa aiki na 'yan kwanaki. Bayan abin da ya faru babu wanda ya yarda ya sake ɗaukar tsakuwa. Sai ya zama yana yanka yana ɗaga kai, yana yanka yana waiwaye, yana duba ko mutane sun manne da bango. Ya fara ɓata awo, abin da bai taɓa yi ba. In ya dawo wuyansa ba ya juyuwa, sai Inna ta gasa masa da ruwan zafi. Ba ya cin abinci sosai. Ya daina cewa “Allah ya kyauta,” ya koma shiru kawai.

Wata safiya ina shara ya ce, “Ajiye tsintsiyar. Sa mayafinki, ki raka ni. Ina so in ji abin da za a ce mini.”

Ban taɓa shiga wurin aikinsa ba sai ran nan. Mai gadi ya ba ni hular kwano da ta yi mini yawa, tana rufe mini ido. Ofishin Hattara wani akwatin ƙarfe ne irin na jirgin ruwa da aka huda wa taga, fanka tana juya zafi a ciki. A ƙusa an rataye usur da yawa a igiya ɗaya. Hattara ya miƙe ya ba Baba kujera. Ni na zagaya na tsaya a bayan Hattara, ya waiwayo yana mamaki.

Baba ya ce, “Yallaɓai, bar ta nan. 'Yata ce, ita ce kunnena. Abin da na zo faɗa ke nan.”

Ya faɗa masa duka, ba kwana-kwana. Ya ce usur ɗin nan bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya. Ya cire hularsa ya juya bayanta ya ajiye a kan tebur. Hattara ya ɗauka, ya shafa tabon da babban yatsa. Ya cire gilashinsa ya murza ido. A nan na ga ashe shi ma a gajiye yake, kuma bai girmi babban yayana ba.

Ya ce, “Tun yaushe?”

Na maimaita da leɓe. Baba ya ce, “Tun kafin ka zo.”

“Su waye suka sani?”

“Wannan kuma ban zo da shi ba.”

“Baba, kullum safiya ina tsayawa a gabanku ina cewa duk mai matsala ya faɗa, ba za a hukunta kowa don ya yi magana ba. Me ya sa ba ka zo ba?”

Baba ya jira na gama, sannan ya ce, “To ga shi na zo.”

Fanka ta yi ta juyawa. A waje wani yana buga ƙarfe. Hattara ya mai da gilashinsa.

Ya ce, “Ba zan iya barin ka a rumfar nan ba. Ko wace rumfa da lodi yake bi ta kanta. In na bar ka, wani abu ya faru, ni na kashe ka.”

Wannan ban so in maimaita ba, amma Baba bai ma dube ni ba. Ya ce, “Na sani. Ba don kaina na zo ba. Mutumin nan da ka kora, shi ne yake yi mini aikin usur ɗinka. Ka mai da shi.”

Hattara ya ce zai ga manaja. Ya ce zai nemi a sa fitila mai walƙiya a rumfunan injina, ja, wadda za ta kama in an busa. Na ga Baba ya ɗan gyara zama. Sai Hattara ya ƙara da cewa ko an sa, ba zai zama saboda shi ba, don mutum yana buƙatar kunne a wurin gini ko da fitila: mota tana ja da baya, wani yana kira daga sama. Na maimaita wannan ma.

Ya cika alkawarin da zai iya cikawa. An ce ya yi ta sa-in-sa da manaja har ana jin su daga waje. Aka mai da Baba Maharbi da jan kunne. Baba kuma ba a kore shi ba, aka tura shi filin kamfanin da yake bayan gari, inda ake buga bulo. Aikinsa shi ne ba wa bulo ruwa da tiyo don kada ya tsage, safe da yamma. Babu abin da yake wucewa ta saman kai a can sai tsuntsaye. Abin da ake ba shi bai kai na da ba, kuma mota biyu yake hawa kafin ya isa. Yana dawowa da ƙafafu fari fat, sun jiƙa sun yamushe. Ƙanwata ta bar makarantar da take ta koma wata ta kusa da gida.

Ranar hutun farko bayan an mai da shi, Baba Maharbi ya zo. Tun daga ƙofa yake faɗa.

“Ina mai bakin nan? Wa ya aike ka? Na ce ka yi shiru, ka je ka zazzage komai kamar buhun da ɓera ya ci.”

Baba ya ce, “Zauna, gwiwarka tana rawa.”

Ya zauna. Na kawo shayi na tsaya a inda na saba. Ya ba mu labarin wurin aiki. An sa fitilun, suna aiki. An kawo wani sabon mai yanka, yana toshe kunnensa da robar nan, amma hannunsa bai faɗa ba tukuna. Sannan ya ce a taron safe Hattara ya ba da labarin Baba, bai ambaci suna ba, ko da yake kowa ya gane. Ya yabe shi, ya ce irin wannan gaskiyar ake so. Ya sa aka tafa. Daga nan ya ce duk wanda ya san ba ya jin usur sosai, ko idonsa ya rage, ko jiri yana ɗibarsa a sama, ya ɗaga hannu, a san yadda za a taimake shi.

Inna ta ce daga bakin murhu, “Mutum nawa suka ɗaga?”

Baba Maharbi ya ce, “Ko ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon sabon takalminsa. Yaron ya tsaya yana jira, yana jira, har na ji tausayinsa. Ni kuwa a layin da nake tsaye kaɗai na san mai injin kwaɓa kankare ba ya ji, na san mai fasa dutse ma haka. Amma duk sun san inda mai ba wa bulo ruwa ya fito.”

Ya faɗi wannan yana kallon kofinsa, don haka Baba bai kama ba. Ya dube ni. Na maimaita masa a hankali, tun daga tafin har zuwa takalman.

Ya gyaɗa kai, ya miƙe ƙafafunsa a kan tabarma yana murza yatsun da ruwa ya cinye.

Ya ce, “Kada ka ga laifinsu. Ni ma da ba kai aka kora ba, da ina can cikinsu.”